Kujera ta Biyar a Jirgin Jayanta

Galbokka, Weligama
21 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Rinoza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Imtiyaz da jikokina Shazna da Adil. Allah Ya tsare ku daga sanyin Toronto da kike cewa yana shiga har cikin ƙashi, Ya ba ku lafiyar da za ta kawo ku gida, Ya raba ku da sharrin hanya ta sama da ta ƙasa. Yaya tarin Adil? Ranar da muka yi waya na ji shi sau uku a bayanki, kika ce ba komai ba ne, amma kin san ni da jin abu ba ya fita daga raina. Ki dafa masa citta ki sa zuma, kuma kada ki bar shi ya fita ba hula.

Mu nan muna cikin rufin asirin Allah. Ruwan sama ya yi mana yawa a watan jiya har ɗakin girki ya fara yoyo, amma an gyara. Yayanki Rizwi yana kira daga Doha duk Juma'a, ya ce ba zai sami hutu ba sai bayan kun koma, abin ya dame shi ƙwarai. Gwaggonki Mami Zulfa gwiwarta ta matsa mata, yanzu a zaune take salla, amma bakinta yana nan yadda kika san shi. Tun yanzu ta fara faɗa da ni a kan wanda zai yi watalappan, kayan zaƙin nan na kwakwa, ranar zuwanku, wai nawa ruwa yake yi, kwakwar ma ban san yadda ake tatsarta ba. Na bar mata. Shekara bakwai rabonki da gida, ba zan tare ki da rigimar kayan zaƙi ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, mu da muke magana ta waya duk mako. Dalili shi ne duk lokacin da kika kira, mahaifinki, Wappanki, yana zaune kusa da ni, kunnensa a kan kowace kalma. Abin da zan faɗa miki kuwa shi ne ya hana ni faɗa. Don haka nake rubutawa kaɗan kaɗan bayan la'asar, idan ya tafi masallaci ya tsaya hira, yau kwana huɗu ke nan. Nuzra ƙanwar mijinki za ta tashi ranar Lahadi, ita zan ba ta kawo miki hannu da hannu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun da ya fara riƙe biro yana da shekara hamsin da biyu ba ya bin layi. Ki karanta a inda yara ba sa nan.

Kin ce kin riga kin kama kujera huɗu a jirgin ruwan Jayanta, mutumin da Wappanki yake wa aiki, don ranar ashirin da bakwai ga Disamba, ku fita kallon dolfin da babban kifin nan na Annabi Yunusa. Lokacin ya yi daidai, teku tana kwanciya a wannan watan. Jirgi yana barin tashar Mirissa ƙarfe shida da rabi, saboda haka bayan asuba za a fita daga gida. Kada ki ba yara madara ko wani abu mai maiƙo da safen, shayi da busasshen biskit sun isa, su sha ƙwayar hana amai tun kafin a shiga mota. Ki zo wa Adil da rigar hana nutsewa daidai jikinsa daga can, don na jirgi sun yi wa ɗan shekara biyar yawa, na gani da idona, idan ya faɗa zamewa zai yi ta ƙasanta. Kada ya zauna ta baya wurin hayaƙin inji, kuma hannunsa kada ya bar na ubansa ko da dolfin sun zo suna tsalle a gefen jirgi, don a lokacin ne kowa yake mantawa da ɗansa. Za ki ce ina na san duk wannan, ni da ban taɓa taka jirgi ba. To, shi ne maganar.

Rinoza, idon Wappanki ya tafi. Na hagu ba ya ganin komai, na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu ne, abin da ke gabansa daidai kaɗai yake gani, shi ma dishi-dishi. Na fara lura tun bara, da ya riƙa zuba shayi a gefen kofi yana cewa butar ce ta karkace. Sai ya daina karanta jarida, wai ƙarya ta yi yawa a cikinta. Ran nan Mami Zulfa ta shigo ta zauna a hagunsa, ya yi ta zagin miyarta yana ba ni labari, bai san tana nan ba, muka yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya mu. Da ta tafi na dube shi na ga gumi a goshinsa. Sai da na yi wata biyu ina roƙo kafin ya yarda muka je asibiti a Galle a watan Agusta. Mun tafi da zaton yanar ido ce, a kankare ta a huta. Likita ta ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ta ba da maganin ɗigawa safe da yamma don a riƙe ɗan abin da ya rage. A cikin bas da muke dawowa ya ce da ni, Jezima, idan kika gaya wa yaran nan ban yafe ba. Ga shi ina gaya miki. Allah Ya yafe mini, shi ma ina fatan zai yafe.

Kin san aikinsa. Shekara talatin yana kamun kifi, shekara goma sha biyar kuma yana tsaye a benen jirgin Jayanta yana hango wa baƙi hucin kifin nan tun yana nesa. Shi ne mai kira. Idan ya ɗaga hannu ya ce ƙarfe biyu, Jayanta ya juya jirgi dama, idan ya ce ƙarfe goma, a juya hagu, goshin jirgi shi ne sha biyu. Sauran jirage ma ba teku suke kallo ba, hannun Wappanki suke kallo, Tasim Nana yadda suke kiransa, wato babban yaya, in ya ɗaga kowa ya bi. Shi da kansa yakan tsokani samarin tasha ya ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau kwakwa ba zai gani ba. Da aka buɗe fita a farkon watan nan na roƙe shi ya zauna a gida, ya ce teku ba da ido kaɗai ake karanta ta ba. Kwana biyu ya lallaɓa, yana jin motsin mutane yana bi. A rana ta uku ya hango wani fari a can gaba, ya ɗaga hannu ya ce sha ɗaya. Jayanta bai ko duba ba, don shekara goma sha biyar bai taɓa buƙatar dubawa ba, ya sanar ta oba-oba, jirage shida suka biyo su a guje. Ashe kumfa ce a goshin wani jirgin dakon kaya. Suna cikin wannan gudun sai kifin ya taso a hagunsu, kusa har feshinsa ya jiƙa mutane, baƙi suka ruɗe da ihu suna ɗaukar hoto, Wappanki kuwa yana tsaye da hannunsa a miƙe yana nuna gaba, yana cewa a ƙara wuta. Kusuma matar Jayanta ce ta ba ni labarin a kasuwa, tana faɗa tana share ido. Wappanki bai gaya mini ba.

Kin san bakin mutanen tasha. Kafin azahar labari ya zaga. A wurin mai shayi wani ya ce, Nana, wane irin kifi ne wannan mai ɗauke da kwantena? Wani ya ɗaga agogonsa ya ce, Nana, taimaka mana, yanzu ƙarfe nawa a teku? Yawancinsu wasa suke yi, don shi ma ya sha yi musu wanda ya fi haka. Amma wani daga jiragen da suka ƙona mai a banza ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma da ƙarfi ya faɗa. Wappanki ya dawo gida da rana tsaka, ya zauna a baranda da hularsa a gwiwa, shinkafar da na ajiye masa har ta huce bai taɓa ba. Washegari Jayanta ya zo da nonon ayaba guda, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ce Nana, kai ka koya mini teku, ba ni da bakin da zan ce ka sauka, amma rayukan mutane arba'in nake ɗauka. Wappanki ya ce ya ji, ya sauka, abu ɗaya kawai yake roƙo: ranar da jikokinsa za su fita, a bar shi ya hau benen ya tsaya a wurinsa. Jayanta ya ce to, amma ba zai juya jirgi ba sai ya gani da nasa idon.

Shazna ce damuwarsa. Shekara uku ke nan duk waya yana yi mata alkawari cewa shi zai nuna mata kifin kafin kowa a jirgin ya gani. Ke kika gaya mana ta tsaya a gaban 'yan ajinsu ta ce kakanta, Appanta, ya fi kowa ido a Sri Lanka. Rabonsa da yarinyar tun tana 'yar shekara biyu, ba ta san shi ba sai a wannan labarin. Ya ce da ni, Jezima, sau ɗaya tak nake so ta gan ni a tsaye a wurina, bayan nan ni da bakina zan gaya musu, in sun ga dama su saya mini sanda. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, idan ka sake nuna kumfa a gaban yarinyar fa, kuma samarin nan suna kusa? Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni, ina tankaɗe ina tunani, ina wanki ina tunani.

Ranar da dabarar ta zo mini ina ɗiga masa magani ne. Na ce zan hau jirgin, in tsaya a bayansa in riƙe rigarsa kamar mai jin tsoro, ba wanda zai zargi komai tunda duk garin nan an san ni da tsoron ruwa. Bayansa zai zama fuskar agogo, wuyansa sha biyu, kafaɗar dama wajen biyu, ta hagu wajen goma. In na hango hucin sai in danna masa yatsa a wurin, shi kuma ya ɗaga hannu ya kira. Da farko ya fusata, ya ce shi za a mayar ɗan tsana a gaban jikarsa? Daga baya dariya ta kama shi, ya ce ke Jezima, ke da ko a bakin teku in ruwa ya taɓa miki idon sawu sai kin karanta Ayatul Kursiyyu? Ke da kike neman tabaranki yana kan hancinki? Na ce ni ɗin dai, tunda ba ka da wata. Kwana biyu bai sake tayar da maganar ba. A na uku bayan karin kumallo ya ce in ɗauko lema, za mu je kan tudun Mirissa.

Tun daga ranar muke zuwa. Yana zaune a kan dutse yana fuskantar tekun da ba ya gani, yana koya mini. Ya ce kumfar igiyar ruwa a kwance take tashi, ta faɗi nan take, amma hucin kifin a miƙe yake, tsayin bishiyar kwakwa, ya ɗan tsaya a iska kamar hayaƙin murhu kafin ya watse. Ya ce kada in kafa ido wuri ɗaya, in riƙa shara da shi a hankali daga hagu zuwa dama a layin da ruwa ya haɗu da sama. Ya ce in kifin ya ɗaga jela ya nutse, in ƙirga tasbihi ɗari uku, in duba gaba da inda ya bar wani shafaffen wuri a kan ruwa kamar an zuba mai. Idan na yi kuskure sai ya ce kai, wannan ɗaliba, da kuɗi na biya da na karɓi abina. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Rinoza, ban taɓa sanin yawan abin da ke cikin kan mutumin nan ba sai yanzu da ba shi da inda zai kai shi. Na je na sami Jayanta na gaya masa komai. Ya kira ni Akka, wato yaya, ya ce ni ban ji ba ban gani ba, idona yana kan sitiyari. Amma ya ce duk ranar da akwai wuri mu zo mu gwada, kuma in ya riga ni gani zai riƙe bakinsa na numfashi biyu, don muryar Nana ta riga tasa fita.

Ranar Talatar da ta wuce muka fita. Ba zan ɓoye miki ba, tun kafin mu wuce bakin tasha cikina ya juya. Na yi amai har sau huɗu, wata baturiya ta ba ni alewar citta tana shafa mini baya. Ƙasa ta ɓace, ko'ina ruwa ne baƙi ƙirin, na riƙe rigar Wappanki da hannu biyu, ba na wasa ba, riƙon gaske. Dolfin ne suka fara zuwa, kuma shi ya riga kowa sani, da kunne ya ji su. Ya ce a hankali, ga 'yan rawa nan ta dama, sun fi hamsin. Na duba, ga su kuwa, suna tsalle suna juyi a iska. Na ji daɗi har na manta da cikina, na ce ashe za mu iya. Bayan kamar awa ɗaya kifin ya huce a wajen ƙarfe goma. Ni ina can ina sharar dama da ido. Jayanta ya gani ya yi shiru, numfashi biyu, uku, har huɗu, Allah Ya saka masa. Kafin in juyo wani baƙo ya riga ya yi ihu, kowa ya ruga hagu. Sai a lokacin na danna masa kafaɗa. Ya fara ɗaga hannu, ya ji ihun mutane ya riga shi, sai ya mai da hannun ya gyara hularsa da shi. Na ga kifin, 'yata. Bayansa ya yi ta fitowa daga ruwa kamar ba zai ƙare ba. Kowa yana murna, ni ina kuka a bayan ubanki, shi kuma yana tambayata a hankali ko ya ɗaga jela.

A hanyar gida cikin keke mai ƙafa uku bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi shi ma sai da ya yi shekara biyu a teku kafin ya fara riga kowa, ni kuma wata ɗaya nake da shi, in na gaji in bari, ba laifina ba ne. Ban gaji ba. Jayanta ya ce akwai wuri ranar Litinin da Alhamis, zan je, kuma zan ci gaba da zuwa har ku iso. Ban sani ba ko zan iya. Mai yiwuwa ranar ma wani ya riga mu, Shazna ta juyo ta dubi Appanta tana jira. Wannan tunanin ne yake tsinka mini zuciya, amma abin da ke hannuna ke nan.

Don haka ga roƙona. Kada ki fasa fitar nan, in kika fasa zai gane dalili, kuma wannan zai fi makantar yi masa ciwo. Ki kira Jayanta ki ce a ƙara kujera ɗaya, ta biyar, ki ce ke kika matsa mini in zo, in Wappanki yana ji ki tsokane ni a kan tsorona yadda kika saba. Kada ki fara maganar manyan likitocin Colombo ko na can wurinku a waya, na san halinki, za ki so ki gyara komai a rana ɗaya. Wannan ya jira sai ya faɗa muku da bakinsa. Imtiyaz ki gaya masa, don ya san inda zai tsaya da yara, kusa da mu ta dama, nesa da ma'aikatan jirgi masu dogon baki. Shazna kuwa kada ta sani.

Abu na ƙarshe, shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ranar da za ku iso, zai fito bakin ƙofa ya tsaya tun kafin motarku ta shigo layi, na san shi. Idan kin sauko kada ki tsaya shiru kina murmushi kina jira ya gane ki. Ba zai gane ki ba, Rinoza. Zai ga inuwar mace ce kawai a cikin hasken rana. Tun daga bakin mota ki ɗaga murya ki ce, Wappa, ni ce, na dawo. Ki zo masa ta dama. Ki koya wa yaran su faɗi sunansu da ƙarfi in za su rungume shi, ki ce musu haka ake gaida manya a garinmu. Sauran ki bar mini.

Ki gaishe da Imtiyaz da kyau, ki ce ina sa masa albarka. Ki sumbaci Shazna da Adil, ki ce kakarsu Ummamma tana ƙirga kwanaki. Ki gaida surukarki Hajiyani Marliya, Allah Ya ƙara mata sauƙi, da Nuzra in ta huta gajiyar hanya. Mami Zulfa tana gaishe ku, Kusuma ma ta ce in gaishe ki. Wappanki bai san da takardar nan ba, amma na san da ya sani, bayan ya gama faɗa, da gaisuwarsa ta fi ta kowa tsawo. Na ji an fara watsewa daga masallaci, bari in tsaya in ɓoye biro. Ki sa mu a addu'a ranar Litinin.

Allah Ya kawo ku lafiya.

Ummanki mai ƙaunarki,
Nur Jezima